IDON DA KE GANI CIKIN DUHU: Bayani ga Jama'ar Baure da Kewaye

Gabatarwa

Ƙasar Baure tana arewa maso gabashin Jihar Katsina, cikin masarautar Daura, tana kuwa iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen Magarya. Iyakar Nijeriya da Nijar tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma galibinta fili ne fetal, sai gonaki da makiyaya. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, amma ba ta yanke zumunci ba. Har yau mutanen ɓangarorin biyu suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, shanunsu kuma suna bin burtali ɗaya.

Babu gwamnatin da ke da sojan da za ta jera a kan iyaka mai wannan tsawo. Saboda haka hukumomin tsaro a ko'ina cikin duniya suka koma ga na'urori masu hangen nesa, waɗanda ke aiki dare da rana, wasu a hannun soja, wasu a kan mota, wasu a ƙarƙashin jirgin sama. An shirya wannan darasi domin mai karatu ya san yadda na'urorin nan suke gani, da abin da suke iya nunawa, da kuma inda ganinsu ya tsaya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, domin rayukan mutane sun rataya a kansa.

Haske iri biyu

Kimanin shekara dubu da suka wuce, wani malami mutumin Basra mai suna Hasan Ibnul Haisam ya rubuta littafinsa Kitabul Manazir a Masar. A ciki ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne sa'ad da haske ya taso daga abu ya shiga ido. Wannan ita ce ƙa'idar da kowace kyamara take bi har yau. In babu hasken da ya taso daga abu, to, babu gani.

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu launi launi kamar bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya tarar zafin ya fi na ko'ina. Ashe akwai wani haske a wurin wanda ido ba ya kamawa. Turawa suka sa masa suna infirared, watau na ƙasa da ja. A wannan darasi za a kira shi hasken ɗumi.

Kowa ya san hasken nan ko da bai san sunansa ba. In maƙeri ya ciro ƙarfe daga wuta yana ja wur, jim kaɗan sai jan ya dushe, ƙarfen ya koma baƙi. Amma wanda ya kai hannu kusa da shi zai ji ɗumi yana bugun tafinsa. Ƙarfen bai daina ba da haske ba, ya koma ba da irin wanda fata ke ji ne, ido ba ya gani. Haka katangar ƙasa take yi bayan faɗuwar rana, haka jikin mutum, da na saniya, da injin babur. Duk abin da ke duniya yana fitar da hasken ɗumi gwargwadon zafinsa, ko da tsakar dare.

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Haske ma yana da zango, sai dai nasa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da maikuromita, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ido yana kama abin da ke tsakanin maikuromita 0.4 da 0.7 kaɗai. Jikin mutum kuwa, mai zafin digiri 37 a ciki, ya fi fitar da haske a wajen maikuromita 10. Akwai halittun da Allah ya ba ikon jin wannan. Mesa tana da waɗansu ƙananan ramuka a leɓenta, da su take gane ɗumin dabba cikin duhu.

Na'urori iri uku

Ta farko ita ce kyamarar rana. Ita tana aiki da hasken da ido ke gani, kamar ta wayar hannu, sai dai gilashinta yana jawo abu daga nesa ƙwarai. Tana nuna launin riga da rubutun jikin mota. Da dare ya yi kuwa ƙarfinta ya ƙare.

Ta biyu ita ce tabaran dare, wanda soja ke ɗaurawa a kai. Shi yana tattara ɗan hasken wata da na taurari, ya mai da shi ƙwayoyin lantarki, ya ninka su sau dubbai, sa'an nan ya watsa su a kan ɗan allo, hoton ya fito, yawanci kore. Lalle yana bukatar haske ko yaya yake. A cikin ɗaki rufe marar taga ba ya nuna kome sai an kunna masa fitila ta musamman.

Ta uku ita ce kyamarar ɗumi. Ita ba ruwanta da wata ko tauraro, domin hasken da take kamawa daga jikin abin yake fitowa. A cikinta akwai wani ɗan faifai mai ɗigo dubbai, kowane ɗigo yana auna ɗumin da ya faɗo masa. Abin da ya fi ɗumi ya fito fari a allo, mai sanyi ya fito baƙi, ko kuwa a juya su in an so. Kyamara mai kyau tana rarrabe abubuwa biyu da bambancin zafinsu bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na digiri ba. Tana nuna motar da aka kashe ba da daɗewa ba, da tokar da aka tashi aka bari da sauran ɗumi.

A jiragen sama akan haɗa kyamarar rana da ta ɗumi cikin ƙwallo guda a ƙarƙashin jirgi, tare da leza mai auna nisa. Ƙwallon yana juyawa ko'ina, kuma an yi masa dabara yadda ko jirgi yana girgiza hoton ba ya rawa.

Taƙaitaccen tarihi

An fara kai irin waɗannan na'urori fagen fama a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 sojan Amurka sun yi amfani da bindigogi masu fitilar hasken ɗumi a tsibirin Okinawa na Japan, Jamusawa ma sun ƙera nasu. A 1958, a sararin samaniyar mashigin Taiwan, aka fara harba makami mai linzami mai suna Sidewinder a yaƙi, wanda ke bin zafin injin jirgi. An ba shi sunan wani maciji ne na Amurka mai farauta da ɗumi. Daga shekarun 1960 aka shiga ɗora kyamarar ɗumi a jirage, kuma a yaƙin Tekun Fasha na 1991 duniya ta ga yadda mai ganin dare yake rinjayar wanda ba ya gani. Sannu a hankali ilmin ya shigo gidaje. Rimot na talabijin da hasken ɗumi yake aiki, haka ma ma'aunin da aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin annobar korona a 2020.

Abin da masu ƙira suke aunawa

Mai ƙera na'urar tsaro kullum yana cikin ciniki ne: in ya sami wani abu sai ya rasa wani.

Da farko akwai iska. Tururin ruwa da ke cikin iska, da wasu iskoki, suna shanye yawancin hasken ɗumi. Wurare biyu ne suka fi barinsa ya wuce, kamar tagogi a jikin bango: daga maikuromita 3 zuwa 5, da kuma daga 8 zuwa 14. Tilas mai ƙira ya zaɓi ɗaya daga cikinsu, ko ya biya kuɗin biyun.

Sai gilashi. Gilashin taga ba ya barin hasken ɗumi na dogon zango ya ratsa shi, don haka akan yi idon kyamarar da wani ma'adini mai tsada mai suna jamaniyam. Babban ido ya fi hangen nesa, amma ya fi nauyi, jirgin da ya ɗauke shi kuwa mansa zai fi saurin ƙarewa.

Sai sanyi. Kyamarar da ta fi kaifi sai an sanyaya faifanta har zuwa kimanin digiri 196 ƙasa da daskarewar ruwa, don kada ɗumin jikinta ya makantar da ita, kamar mai riƙe da fitila a gaban idonsa yana neman hango tauraro. Injin sanyayawar yana da tsada, yana kuma lalacewa. Akwai marar bukatar sanyi, mai araha, ita ce aka fi sa wa ƙananan jirage da na'urorin hannu, amma ba ta kai waccan nisa ba.

Yanayin ƙasar Baure

Na'urar da aka ƙera a Turai ko Sin ba ta san hunturu ba, sai an gwada ta a nan. Ƙasar Baure shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi, itatuwanta a warwatse, saboda haka da rani kyamara tana hange mai nisa, ba kamar a Dajin Rugu na yammacin Katsina ba, inda ganye ke rufe abin da ke ƙasa. Da damina kuwa, in gero ya yi tsawo, mutum yana iya ɓacewa a cikinsa, ruwan sama da laima kuma suna rage nisan gani.

Da hunturu, dare yana da sanyi, jikin mutum ya fita sarai a allo. Hasken ɗumi yana ratsa siririn hazo da hayaƙi fiye da hasken ido, amma ƙura mai kauri tana dushe shi, tana kuma cin gilashi da injin jirgi. Da bazara, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, rairayi da rana ya fi jikin mutum zafi, sai hoton ya juye. Akwai kuma lokaci biyu kowace rana, da hantsi da kuma wajen faɗuwar rana, da zafin ƙasa da na abubuwan da ke kanta suke kusan daidaita. A ɗan wannan tsakani hoton yakan dusashe ƙwarai. Bayan haka, kyamarar ɗumi ba ta ganin abin da ke bayan katanga ko cikin ɗaki. Zafin jikin bangon kaɗai take nunawa.

Matakan gani uku

A 1958 wani masani na rundunar sojan Amurka, John Johnson, ya gwada mutane da yawa da hotuna, ya fitar da ƙa'idar da masu ƙira ke bi har yanzu. Ya nuna cewa gani hawa hawa ne. Mataki na farko shi ne hange: a san akwai wani abu a wurin. Na biyu rarrabewa: a san mutum ne ko dabba, mota ce ko amalanke. Na uku shaidawa: a san wane iri ne, misali motar soja ce ko ta 'yan kasuwa. Bisa lissafinsa, hange yana bukatar kimanin ɗigo 2 a faɗin abin, rarrabewa ɗigo 8, shaidawa kuwa ɗigo 13. Ko da an cika waɗannan, mai kallo rabin lokaci kaɗai yake dacewa.

Ga misali da kowane ɗan makaranta zai iya lissafawa. Kyamarorin ɗumi da yawa suna da ɗigo 640 a faɗinsu. In aka buɗe kyamarar ta ɗauki fili mai faɗin mita 640, kowane ɗigo ya zama mita ɗaya. Faɗin mutum kamar rabin mita ne, watau bai cika ɗigo guda ba. In aka matse ta zuwa mita 64, mutum ya sami ɗigo 5: an hango shi, ba a gama rarrabe shi ba. Kafin ya sami ɗigo 13 sai an matse ta zuwa kimanin mita 25, faɗin gida ɗaya ke nan. A lokacin kuwa mai kallo ya zama kamar mai leƙe ta kafar tsana. Yana ganin mutumin, amma ba ya ganin masallacin da ke gefe, ko matan da ke girki a bayan danga.

Har in an kai mataki na uku, akwai abin da ya rage. A hoton ɗumi babu launi, babu fuska sosai, babu murya. Makiyayi da ya saɓa sanda a kafaɗa, da manomi mai ɗauke da fartanya, da ɗan fashi mai rataye da bindiga, daga nesa duk farin inuwa ne mai wani siririn abu a kafaɗa. Babura goma a jere suna iya zama 'yan bindiga, suna iya zama 'yan rakiyar amarya. Na'ura tana auna ɗumi ne, ba ta da ma'aunin niyya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan fage gani shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da labari daga mutanen ƙasa.

A Nijeriya da Nijar

Rundunar mayaƙan sama ta Nijeriya ta nuna jirginta marar matuƙi na gwaji mai suna Gulma a 2013. A watan Fabrairu na 2018, a Kaduna, Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙaddamar da wani mai suna Tsaigumi, wanda aka yi domin leƙen asiri dare da rana. An kuma sayo jirage marasa matuƙa daga Sin, sa'an nan a 2021 jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano suka iso daga Amurka. A ɗaya ɓangaren, Nijar ta sayi jirage marasa matuƙa ƙirar Bayraktar daga Turkiyya a 2022. Amurka ma ta yi ta tayar da nata daga sansaninta na Agadas tun 2019, har ta kwashe sojanta a 2024. Duk waɗannan jirage, ƙarfinsu yana ga ƙwallon kyamarar da ke ƙarƙashinsu.

Amfaninsu a fili yake. Suna bin sawun ɓarayin shanu da masu satar mutane, suna nuna wa soja kwanton ɓauna tun kafin su faɗa ciki, suna kuma rage yawan mutanen da za a tura cikin haɗari.

Darasin Rann da Tudun Biri

Ran 17 ga Janairu, 2017, jirgin mayaƙan sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno. Ƙungiyar likitocin agaji da ke wurin ta ce mutum kimanin 90 suka rasu, wasu sun ce sun fi haka, cikinsu har da ma'aikatan agaji. Binciken Hedikwatar Tsaro ya nuna cewa ba a sa wurin a taswirar aiki yadda ya kamata ba.

Ran 3 ga Disamba, 2023, da dare, mutanen Tudun Biri a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna suna taron Mauludi, jirgi marar matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya kai musu hari bisa zaton 'yan bindiga ne. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Rundunar ta amsa cewa jirginta ne, babban hafsanta na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin ya nemi gafara. A 2024 Hedikwatar Tsaro ta ce za a gurfanar da jami'ai biyu gaban kotun soja.

A wuraren nan biyu an hango taron mutane, kuma lalle akwai taron. Abin da aka rasa shi ne sanin ko su wane ne. Dokokin yaƙi na duniya, watau yarjeniyoyin Janiba na 1949 da ƙarin da aka yi musu a 1977, waɗanda Nijeriya ta amince da su, sun ɗora wa mai riƙe da makami nauyin rarrabe mayaƙi da farar hula, kuma in akwai shakka a ɗauki mutum farar hula ne. Wannan nauyi ba ya sauka daga kan soja ya koma kan talaka. Duk da haka akwai abin da jama'a za su iya yi domin taimakon kansu.

Abin da ya kamata jama'a su yi

1. In za a yi babban taro da dare, Mauludi ne ko biki ko wa'azi, musamman a bayan gari ko kusa da iyaka, a sanar da Mai Unguwa da Dagaci tun da wuri, su kai ga Hakimi da jami'an tsaro, a faɗi wuri da lokaci.

2. Sabuwar ruga, ko sabon zango, ko kasuwar da ta sauya mazauni, a tabbata hukuma ta san da ita.

3. Masu tafiyar dare saboda gudun zafin rana, da amalanke ko raƙuma ko babura, su bi hanyoyin da aka sani, su ƙetare iyaka ta ƙofofin hukuma irin ta Babban Mutum.

4. Kada yara ko manya su riƙa haska jirgi da tocila mai ƙarfi ko leza don wasa.

5. In wani abu ya faɗo daga sama, kada a taɓa shi, kada a kai shi wurin masu sayen ƙarfe. A nisanta yara, a kai rahoto.

6. Wanda ya kai labari ga jami'an tsaro ya faɗi abin da ya gani da idonsa kaɗai. Labarin ƙarya da aka kai don gaba ko husumar gona yana iya jawo asarar rayukan da ba su ji ba su gani ba.

Ga 'yan makaranta kuwa, wannan ilmi ƙofarsa lissafi ce da kimiyya. Akwai kwalejin fasaha ta Gwamnatin Tarayya a Daura, akwai ta mayaƙan sama a Kaduna. Ƙasa tana bukatar masu ƙira da masu duba hoto waɗanda suka tashi a karkara, domin yaron da ya yi kiwo ya san tafiyar garke, ya san yadda ake zaman Mauludi, kuma zai gane su a allo tun kafin baƙo ya gane.

Tambayoyi

1. Me Herschel ya gano a 1800, kuma ta yaya?
2. Mene ne bambancin tabaran dare da kyamarar ɗumi?
3. Don me hoton kyamarar ɗumi yake dusashewa da hantsi da wajen faɗuwar rana?
4. Kyamara mai ɗigo 640 ta ɗauki fili mai faɗin mita 128. Ɗigo nawa mutum mai faɗin rabin mita zai samu? Wane mataki na gani aka kai?
5. Wa ya kamata a sanar kafin a yi taron dare, kuma me za a faɗa masa?